Yadda Ake Ɗora Injin Markaɗe a Kan Ƙaramin Babur

Ƙananan baburan nan masu gajeren firam da ƙananan tayoyi, waɗanda ake shigowa da su gwanjo ko kuma masu walda ke haɗawa a nan Gombe, yawancinsu da ɗan inji mai cc 79 zuwa 98 suke zuwa, ƙarfin doki biyu da rabi zuwa uku. A kan kwalta zai ja yaro ba laifi. Amma bari babban mutum ya hau ya shiga rairayin lungunan Pantami ko Bolari, sai ka ji inji na ta kuka taya ba ta motsi. Maganin da kowa ke kawowa shi ne a ɗora masa injin da ake markaɗe da shi, wato Honda GX160 mai cc 163 ko GX200 mai cc 196, ko kwafinsu na ƙasar Sin da ake rubuta wa 168F, masu lambar 5.5 da 6.5 a jikin murfi.

Shawarar ba ta da aibu, injin na da sauƙin samu kuma kayan gyaransa na ko'ina. Sai dai ɗaure injin a firam aikin yini guda ne. Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne wajen shaf, wato sandar ƙarfen da ke fitowa daga inji tana juyawa, da lissafin haƙoran siforoket, da birki.

Duba shaf kafin ka biya kuɗi

Injinan nan duk kamarsu ɗaya idan ka kalle su ta gefen igiya, bambancin yana ɗaya gefen, inda shaf ya fito. Iri uku ne a kasuwa. Na janareta shaf ɗinsa tsukakke ne, yana sirancewa zuwa baki, kuloci ba ya zama a kansa. Na ban ruwa, irin wanda manoman rani na Dadin Kowa ke sayarwa da araha idan damina ta faɗi, bakinsa zare ne da shi don ɗaura fankar famfo, shi ma ba ya karɓar kuloci sai an canza kirankishaf gaba ɗaya, kuma a lokacin kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wanda kake nema shi ne mai miƙaƙƙen shaf da aka yanka masa gurbin ki, wato ɗan guntun ƙarfen da ke hana kuloci ko fuli zamewa a kan shaf, irin wanda ake sa wa fuli a ja injin markaɗe.

Miƙaƙƙen ma kashi biyu ne. Akwai mai kaurin milimita 19.05, wato kashi uku cikin huɗu na inci, da ki mai milimita 4.76, akwai kuma mai milimita 20 da ki mai milimita 5. Ido ba ya raba su. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a taimaka mini da baniya in auna," wato ma'aunin kaurin ƙarfe, in babu ka je da taka. Kulocin 19 ba zai shiga shaf na 20 ba ko da guduma, shi kuwa na 20 a kan shaf na 19 zai shiga salin-alin, ya riƙa rawa har ya cinye ki ya ɓata gurbin. Tsohon kulocin da ke kan ɗan injinka ka manta da shi, raminsa bai wuce milimita 16 ba. Hikimar ita ce ka fara samo kuloci, tunda shi ne mai wuyar samu kuma sau da yawa sai an yi odarsa daga Kano ko Legas, sannan ka sayi injin da ya dace da shi.

Idan na hannu za ka saya, kama shaf ka jijjiga sama da ƙasa. In ya motsa boris ya tafi. A tayar maka da shi yana sanyi, ka duba ko yana shuɗin hayaƙi. Wanda ya daɗe a shagon markaɗe a cire murfin fanka a wanke dusa da ƙullun da suka toshe haƙarƙarin silinda, domin da iska kaɗai yake hucewa.

Gurbin zama

GX200 na da nauyin kilo 16 ba mai. Yana buƙatar wuri mai santimita 38 daga gaba zuwa baya da 35 daga ƙasa zuwa sama, faɗinsa kuma 32 har da shaf. Yanka kwali daidai wannan awo ka zura a firam kafin ka kwance komai. Abin da ya fi tokarewa shi ne tanki a sama, da murfin bawul ta baya kusa da taya. In tanki ne, cire shi ka ɗaure a sandar firam ta sama, amma dole gindinsa ya fi kafireto tudu saboda babu na'urar da ke tura fetur, gangarowa yake yi. Ka kuma bar sararin da sifanar fulogi za ta shiga, kada ya zama sai an sauke inji kafin a wanke fulogi.

Shaf yana fuskantar hagun mai tuƙi, igiya tana dama, silinda ta kwanta baya. In ka juya shi, babur da baya zai tafi.

Ramukan tsohon faranti ba za su dace ba. Ƙafafun wannan injin tazararsu milimita 162 ce a tsawo, faɗin kuma tsakanin 76 da 80, ya danganta da kamfani, don haka ka auna naka. A yanko farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6 a walde shi a kwance sak, bai karkata ko'ina ba, domin injin ba shi da famfon baƙin mai, wani ɗan cokali ne a gindin konrod, sandar da ke haɗa fistin da kirankishaf, ke fantsama shi. Kada a huda farantin tukuna. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: a huda, a ɗaure, sannan a ga siforoket na gaba da na baya sun saɓa da yatsa guda. Zura kuloci a shaf, aza injin a kan farantin haka nan, sai ka kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe a jikin siforoket na baya ya miƙo gaba. Matsa injin hagu ko dama har ƙarfen ya kwanta lif a jikin haƙoran kulocin, ba haske a tsakani. Nan ne za ka yi alama da ƙusa. Ramukan a tsaga su su yi tsawon santimita biyu da rabi zuwa uku daga gaba zuwa baya, saboda da su za ka riƙa ja wa sarƙa. Noti huɗu M8 masu lambar 8.8 a kai, da washa, da noti mai roba a ciki wanda jijjiga ba ta kwance shi.

Tunda mai walda na kusa, ya ƙara 'yan ƙarafa masu kusurwa uku a wuyan firam da inda farantin ya haɗu da bututu. Inji da tanki su yi nisa da wurin kafin a kunna walda.

Lissafin haƙora

A nan ne ake cin riba ko a faɗi. Wannan injin ba shi da giya. Kulocin da ake sa masa da kansa yake kamawa: idan juyi ya kai wajen 2,000 a minti, takalman da ke ciki su buɗe su kama ƙwaryar waje, sarƙa ta ja. Kafin su gama kamawa zamewa suke yi, zamewar nan kuwa zafi ce zalla. Duk aikinka shi ne ka rage lokacin da kuloci ke zamewa.

Ɗauki taya mai lamba 145/70-6, wadda tsayinta ya kai santimita 35 da rabi. Kowane juyi tana cin ƙasa mita 1.1 da 'yan kai. Idan kuloci na da haƙora 10, na baya na da 60, inji zai juya sau shida kafin taya ta juya sau ɗaya. A juyi 3,600, inda gwamna, wato na'urar da ke hana inji wuce gudunsa, ke tsayar da shi, taya na juyi 600 a minti, gudun kilomita 40 a awa ke nan. Kulocin kuma zai gama kamawa a wajen kilomita 22. Wannan lissafi ya zauna.

To yanzu a ce ka je wurin masu kayan babur ka ɗauko siforoket na roba-roba mai haƙora 37 saboda shi ne a kusa. A takarda za ka ga gudun kilomita 65, ka yi ta murna. Amma kulocin ba zai gama kamawa ba sai ka kai kilomita 36, gudun da ba za ka taɓa yi a cikin unguwa ba. Ma'ana tun daga ƙofar gida har inda za ka je zamewa yake. Cikin kwana biyu ƙwaryar za ta koma shuɗiya, ta riƙa wari kamar an ƙona tukunya, sifirin ɗin ciki ya saki saboda zafi, daga nan babur ya fara tafiya da kansa ko ba ka murɗa totur ba. Mutum ya ce kulocin jabu ne, ya sayo wani, shi ma ya bi sahu.

Saboda haka ga ƙaramar taya kada ka yi ƙasa da shida bisa ɗaya. In mai hawan na da jiki, ko hanyarsa rairayi ce ko hawa, bakwai ya fi. Babbar taya mai 19x7-8, wadda tsayinta ya kai santimita 48, tana son wajen goma bisa ɗaya, wanda zai ba ka kilomita 33. Ba gudu ba ne mai burgewa, amma zai tashi da kai daga tsaye ba tare da ka tura da ƙafa ba.

Matsalar ita ce siforoket mai haƙora 60, idan na sarƙar babur ne, faɗinsa ya kusa santimita 25, a jikin taya mai 35 saura santimita biyar kacal tsakaninsa da ƙasa, yana sharar yashi. Mafita ita ce shaf na tsakiya: guntun ƙarfe a kan boris biyu a bayan inji, da siforoket a kowane gefe. Sarƙa ta farko ta tashi daga kuloci mai 10 zuwa mai 20, ta biyu ta tashi daga mai 14 zuwa mai 41 a taya. Biyu sau 2.93 ya ba ka kusan 5.9, dab da shida ke nan, ga shi mai 14 da mai 41 ɗin duk irin na babur ne da ba sa wuyar samu. Mai tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, zai gyara maka ramukansu su hau shaf ɗin.

Sarƙa kuma dole ta zama jinsi ɗaya da duk haƙoran da take bi. Lamba 35 siririya ce, tazarar gaɓarta milimita 9.5, kuma da wuya ka same ta a shagunan garin nan, don haka in kana da zaɓi ɗauki kulocin da ke cin 420 mai tazarar milimita 12.7. Kada a ba ka 428 a ce duk ɗaya ne. Tazararsu ɗaya, amma 428 ta fi faɗi da kaurin rola. A kan haƙoran 420 tana lilo, ita kuwa 420 ba ta zama a kan haƙoran 428. Bar mata sakin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a tsakiya, kuma rufaffen kan kilif ɗin mahaɗa ya kalli inda sarƙa ke tafiya.

Wajen ɗaure kuloci akwai ɗan tarko. Ramin da ke bakin shaf na 19 yawanci zaren inci ne, 5/16-24, na shaf 20 kuma M8. Notin M8 zai shiga ramin inci zagaye biyu sannan ya cije. In ka matsa da sifana ka kashe zaren. Gwada da yatsu, ya shige har ƙarshe ba gardama. Bayan ka ɗaure da babbar washa, ƙwaryar kulocin ta riƙa juyawa sakayau da hannu. Akwai bushin tagulla a bayan haƙoran, yana son ɗigo biyu ko uku na baƙin mai duk bayan awa biyu na hawa. Ɗigo muka ce. In mai ya kai ga takalman, zamewa ta dawo.

Mai hali zai iya sayen na'urar fuli biyu da bel da ake kira Torque Converter, jerin 30, a madadin kuloci. Tana tashi da kusan 2.7 bisa ɗaya, ta riƙa saki da kanta har 0.9, don haka a rairayi ba ta da na biyu. Ana ɗaure farantinta a ramuka huɗun da ke kewaye da shaf. Bel ɗinta gefe ɗaya a miƙe yake, ɗayan a karkace. Miƙaƙƙen ne ke kallon inji, in aka juya shi ba ya kwana biyu. Tana ƙara faɗi ta hagu, kuma bel ɗin na mota ko na markaɗe ba ya maye gurbin nata, sai ka sayo biyu tun farko.

Totur da gwamna

A ƙarƙashin iyakilina, wato matatar iska, akwai hannun ƙarfe da mai markaɗe ke turawa ya ƙara wuta. An ɗaure shi da noti mai lamba 10 don ya tsaya inda aka bar shi. Sassauta notin har hannun ya riƙa yawo, ka kama kebul ɗin totur a ramin da ke jikinsa, ka ɗaure rigar kebul ɗin ta kasa motsi, sannan ka ƙara sifirin mai ƙarfi da zai fizgo hannun baya. Murɗa ka saki sau goma, ka juya kan babur hagu da dama kana yi. Kowane karo ka ji ya koma da ƙara "ƙas". In ya yi nawa ko sau ɗaya, kada ka tayar da injin.

Za ka sami masu ce maka ka zarce da kebul kai tsaye zuwa kafireto, ko ka ɗaure hannun gwamna da waya, wai inji ya saki jiki. Zai saki, har ya wuce juyi 5,000. Amma gwamnan nan ɗan giya ne na roba a cikin inji, da 'yan ƙarafa masu buɗewa. In ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa sai ya tarwatse, gutsattsarinsa su shiga tsakanin konrod da kamshaf. Wanda ya fi wannan muni shi ne fulawil, babban faifan da ke juyawa a bayan igiya: ƙarfen zubi ne da maganaɗisu a manne, don juyi 3,600 aka yi shi, kuma yana daidai ƙwaurin ƙafarka ta dama. Masu tsere a Amurka da ke cire gwamna sai sun buɗe injin sun fitar da giyar gaba ɗaya, sun canza fulawil da konrod zuwa na alminiyon da aka sassaƙa, sun sa sifirin bawul masu ƙarfi. Kuɗin waɗannan ya fi na injin kansa. In ba za ka yi duka ba, a bar kaza cikin gashinta.

Haka ma iyakilina da salansa, bar na asali. Cire akwatin iyakilina a sa buɗaɗɗiya yana sa fetur ya yi wa iska kaɗan sai an ƙara girman jet, ga kuma ƙurar hunturu da ke cinye zoben fistin. Wanke soson ciki duk mako a lokacin ƙura. Salansa tana ta hagu a ƙarƙashin kujera. In ta kusanci roba ko soso a sa mata garkuwar kwano da ɗan sarari a tsakani.

Makunnin kashe inji na jikin murfi, ba za ka kai gare shi kana tafiya ba. Ja waya daga baƙar wayar da ta fito daga kwayil zuwa maɓalli a kan babur kusa da babban yatsa, ɗaya ƙafar maɓallin ta taɓa jikin inji. Akwai kuma na'urar da ke kashe inji idan baƙin mai ya yi ƙasa, mai rawayar waya da ta fito daga gindin injin. A kan babur, duk kwana ko gargada sai man ya karkata ta kashe ka a tsakiyar hanya. Zare mahaɗar wayar ka naɗe ta da tef. Amma ka sani daga ranar kai ne na'urar: duba mai kafin kowane hawa.

Birki

Wanda ya tashi daga gudun kilomita 25 ya koma 40 bai ninka gudu ba, amma aikin da birki zai yi ya ninka sau biyu da rabi, ga ƙarin nauyin inji. Ɗan birkin kebul da ya zo da babur ɗin ba a yi shi don wannan ba. Samo birkin faifai mai amfani da mai, irin na gaban babur, da hannunsa da tiyonsa, a walda masa mazauni mai kaurin milimita 6 a firam ta baya. Faifan ya zauna daidai tsakiyar takalman, in ba haka ba zai riƙa goga yana zafi. Gwajinsa: kana zaune a kai, ka matse birki, wani ya tura ka, tayar ta ja ƙasa ba ta juya ba. Duba boris ɗin tayoyi da na wuya a lokaci guda.

Murfin sarƙa da kuloci ba ado ba ne. Da kaftani da jallabiya muke hawa, kuma bakin riga in ya shiga tsakanin sarƙa da haƙora ba ya fitowa sai da mai shi. Kwano mai kaurin milimita ɗaya da rabi ya isa, a rufe tun daga kuloci har saman siforoket na baya.

Tashin farko

Sabon inji ba mai a cikinsa. Tsayar da babur a miƙe ka zuba lita 0.6, har ya kawo leɓen ramin. Littafin Honda 10W-30 ya ce, amma a zafin Maris da Afrilu na Gombe SAE 30 ko 15W-40 ya fi riƙe jiki. Fulogi BPR6ES ko makamancinsa, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. Ɗora gindin firam a kan bulo tayar baya ta bar ƙasa, wani ya riƙe birki, sannan ka buɗe mai, ka ja cok, ka ja igiya. Silo ya zauna wajen juyi 1,400, inda taya ba ta motsi sam. In tana juyawa, sassauta sukurun silo da ke jikin kafireto. Gwada maɓallin kashewa kafin ka sauke daga bulo.

Hawan farko a fili, da hular kwano da takalmi rufaffe, ba silifas ba. Babur ɗin ba fitila ba lamba, ba na titin Bauchi ko na Biu ba ne. Da wannan injin, in ka fizgi totur daga tsaye gaba zai ɗaga, don haka matsa jikinka gaba ka murɗa a hankali, amma da zarar ya motsa ka ba shi wuta ya wuce gudun da kuloci ke kamawa. Bin totur rabi-rabi a gudun mai tafiya da ƙafa shi ke kashe kuloci. Bayan minti goma tsaya ka bi duk notuna da sifana, ka sake ja wa sarƙa, sabuwa tana miƙewa.

Sarƙar da ke yawan faɗuwa, ko dai layin bai daidaita ba, ko farantin na lanƙwasawa idan inji ya ja. Duba gefen haƙoran, ɓangaren da ya yi ƙyalli shi ne inda take goga. Injin da ke hawa yana sauka shi kaɗai, ko ba ya zama sai da rabin cok, ƙaramin jet ne ya toshe, yawanci daga fetur ɗin galan. Wanke shi ka sa 'yar matata a tiyon mai. In igiya na fizge hannu ko ta yi tauri, duba bawul inji na sanyi: milimita 0.15 na shiga, 0.20 na fita. Idan kuma ka buɗe ramin baƙin mai ka ga ya ƙaru yana warin fetur, an bar famfon mai a buɗe ne ana jijjiga babur ko an kwantar da shi a bayan mota, fetur ya tsiyaya ta kafireto ya gangara ciki. Zubar da shi ka sa sabo, ka riƙa rufe famfon duk sanda ka ajiye. Juyen mai na farko bayan awa 20 na aiki ne, daga nan duk awa 100, ko rabin haka idan a cikin ƙura kake yini.